Zabibi: in shanya da kaina ko in sari katan?

Mai Tebur Kasuwar Dole:
Assalamu alaikum. Ina sayar da dabino da kayan gato (wato kek) a Dole, zabibi kuma na fita sosai in azumi ya gabato. Shin in na sayi ɗanyen inabi na shanya da kaina a zafin ranar Damagaram, zai fi sarin katan riba? Kuma me ke sa zabibi ya yi fari-fari ya dunƙule?

Malam Na-Garka:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da lissafi. Kilo 4 zuwa 4 da rabi na ɗanyen inabi ke ba da kilo 1 na zabibi. Ka ninka kuɗin kilon inabi sau huɗu da rabi, ka gwada da kuɗin kilon zabibi a katan. Da inabin da ake shigowa da shi daga waje, faɗuwa ce tun ba a fara ba. Ba ma irin shanya ba ne: ƙwayarsa babba, ruwa da yawa, sau da yawa da iri a ciki. Na zabibi ƙarami ne maras iri, Sultana a Turkiyya, wanda a Kaliforniya ake kira Thompson Seedless, kuma ba a tsinke shi sai sukarinsa ya kai kusan kashi 20 cikin 100 ko fiye. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an yanke shi. Wanda aka tsinka da tsami, fata kawai zai bar maka.

Sai dai in kana da kurangar kanka, ko ka samu na lambunan Timiya ta jihar Agadas ko na Kudan ta Kaduna da araha lokacin da ya yi yawa. To ga yadda ake yi. Fatar inabi na da wani kaki da ke tare ruwa, shi ya sa in an shimfiɗa shi haka nan yake cin mako 2 zuwa 3. A yankin Manisa na Turkiyya suna tsoma shi cikin ruwan fotas: lita 10 na ruwa, giram 500 na potassium carbonate, mililita 100 na man zaitun, a kaɗa har ya yi kamar madara. A nutsa nonon inabin ya jiƙe ko'ina, a ɗaga ya tsane. Da haka yake bushewa cikin kwana 7 zuwa 10. Tun asali da ruwan toka ake yi, don toka na da wannan gishirin, amma ƙarfinsa ba ya zama ɗaya, sai an gwada da kaɗan. A shimfiɗa a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, kada a jibga, a juya bayan kwana 3, a rufe da gidan sauro.

Hajiya Mai Gato:
Malam, ka manta ƙura. Rana ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba, hazon hunturu ne matsala. Inabi na fara yamushewa yake tsatso danƙo, yashi ya manne, kuma mai gato da ta ji ƙaras a haƙori sau ɗaya ba ta komawa teburin nan. A tanadi wankewa: a cire tsinke, a ɗauraye da sauri, a sake bazawa a inuwa ya sha iska. Gwajin bushewa kuwa, a damƙi hannu guda a matse a saki. In ya warwatse ya yi. In ya tsaya curi, da sauran ruwa, zai yi tsami ko fumfuna.

Alhaji Ɗan Sari:
Ƙanena, sari katan ka ƙulla a leda, ribar tana wajen ajiya. Na Turkiyya yawanci kilo 12.5 ne, na Iran kilo 10. Ka buɗe ka duba tsakiya da ƙasa, ban da saman kawai. Ƙa'idar Codex, wato dokar ingancin abinci ta duniya, ba ta yarda ruwan jikin zabibi maras iri ya wuce kashi 18 cikin 100 ba, wanda ya jiƙe fiye da haka ruwa ka saya da kuɗin zabibi.

Farin da kake gani iri biyu ne. In ka murza ya yi gari-gari, ya narke a ruwan ɗumi, sukari ne ya fito saboda daɗewa da sauyin zafi da sanyi, ana ci, sai dai farashi ya sauka. In yana da gashi da wari, fumfuna ce, a zubar, don tana iya ɗauke da guba mai taɓa ƙoda. Zare kamar saƙar gizo kuma alamar tsutsa ce. Kwana 4 zuwa 7 cikin firigo mai ƙanƙara na kashe ta har ƙwai, amma kar a buɗe ledar sai sanyin ya fita, in ba haka ba raɓa ta sauka a kai. Ƙwayar maganin buhun wake kuwa kada ta kusanci katan.

Zabibi mai ruwan zinariya da hayaƙin farar wuta aka tsare launinsa, a zafin Afrilu da Mayu ƙarƙashin kwano yana duhu da wuri, kuma masu asma wasunsu ba sa jure shi. Ka ɗauki baƙi ko ruwan ƙasa da yawa, na zinariya kaɗan, ka ƙulla giram 50 da 100, abin da zai fita a mako kawai. Sauran ya zauna a rufe a ɗakin ƙasa, bisa katako.