Ekstenshan ɗina ya narke, shin wutar ce ta yi yawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Jiya da asuba ina saurin shirya yara makaranta, sai na jona hitar ruwan wanka da dutsen guga a ekstenshan ɗaya. Ko minti goma ba a yi ba na ji ƙauri. Ina dubawa na ga bakin soket ya yi baƙi ƙirin, robar ta lotsa, wayar kuma ba ta taɓuwa don zafi. Wata biyu da suka wuce fis ɗin filogin ya ƙone, wani yaro a layinmu ya naɗa siririyar waya a gurbinsa. Maigidana ya ce wuta aka kawo mai ƙarfi. In sayi sabo kawai?

Wani mai aikin wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya tsare gaba. Lodi ne ya yi wa ekstenshan ɗin yawa. Ki duba jikin kayan, an rubuta wat ɗin kowanne, wato yawan wutar da yake ci. A ce hitar 2000 ce, dutsen guga 1200, kin ga 3200 ke nan. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, in aka raba 3200 gida 230 ya kusa amfiya 14, alhali filogi mai ƙafa uku mai fis iyakarsa 13. Ga shi ekstenshan mai araha wayar cikinsa kamar zare, ba ta ma kai nan.

Wani malamin kimiyya:
Bari in ɗora a kan maganar Injiniya. Lantarki ba ya aiki sai ya zagaya: ya shiga ta waya ɗaya, ya ratsa hita, ya koma ta ɗayar. Ki ɗauki bolt kamar ƙarfin turin ruwan famfo, amfiya kuma yawan ruwan da ke bi ta bututu. Kowane abu da kika jona nasa yake ja daban, amma duka ta wayar ekstenshan guda suke bi, shi ya sa take zafi. Fis an yi shi ne don ya ƙone ya yanke zagayen kafin wayar ta kama. Ranar da ya ƙone aikinsa ya yi. Wayar da yaron ya naɗa ba fis ba ce, ba a dogara da ita ta yanke wuta, kuma wallahi da haka gobara take tashi.

Wata 'yar uwa:
Yaya, in hitar ta tsomawa a bokiti ce, kar a sa hannu a ruwan sai an zare filogi. Ki ja wa yara kunne sosai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, hitar 2000 ce. To in jona su a bango?

Mai aikin wayarin:
Eh, kowanne a soket ɗinsa, ekstenshan a bar wa caji da fanka. Wancan ki yar da shi. Ki kuma sa a buɗe soket ɗin da yake jone a duba ko waya mai kaurin 2.5 ce a ciki, kuma ko zafin bai taɓa ta ba.