Mi za mu kira allurar da ake yi kafin a yanka?

Jama'a ina neman taimakon masana Hausa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, ɓangaren tiyatar kai da wuya, kuma kullum in na zo yi ma dangin mara lafiya bayanin antibayotik ɗin da ake sakawa ta jijiya kafin likita ya aza wuƙa, sai in rasa sunan da zan ba shi.

Da farko rigakafi nike cewa. Ran nan wata tsohuwa da anka kawo ɗanta aikin kansar baki ta riƙe hannuna tac ce, ɗiyata wace rigakafi kuma, ai tun yana yaro anka yi mishi ta ƙyanda da ta shan inna. Wallahi gaskiya gareta, kunnen mutane ya riga ya ɗaure kalmar ga allurar yara.

Ga yadda abin yake. Baki da maƙogwaro cike suke da ƙwayoyin cuta, to in anka buɗe wuya har aikin ya ratsa cikin baki, miyau na isa ga raunin, ɗinki ya yi mugunya ya ɓalle. Shi ya sa ake ba da maganin cikin minti 60 kafin yanka, don wuƙa ta iske shi cikin jini. Galibi cefazolin ne a haɗa da metronidazole, ko ampicillin da sulbactam, kuma ba a son ya wuce awa 24, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ce kar a ci gaba da shi bayan an gama aiki. Aikin maƙoƙo kuwa da bai taɓa cikin baki, sau da yawa ba a ma buƙatarshi.

Wata abokiyar aikina ta ce maganin kariya. Yana da sauƙi amma ya yi faɗi, har laya da rubutu kariya ake ce musu. Wani ƙanena ya kawo share fage, ni dai ban ji ta ba, kamar za a yi kokowa.

Sai wani malamin Hausa, Allah shi ƙara mishi lafiya, yac ce Hajiya mi ya hana kandagarki? Nan take ta zauna min. Kandagarki tare abu ne tun bai iso ba, kuma ba wanda zai ji ta ya tuna katin allurar yara. Abin da ya fi min daɗi, tana taimakona in mutum ya ce don mi ba a sallame shi da kafso na sati guda ba, sai in ce Baba kandagarki ne, ba ciwo ake magani ba, an rufe rauni aikinshi ya ƙare.

Don haka ni na tsaya kan allurar kandagarkin tiyata. Yau da safe na gwada ta ga mutum biyu, ba wanda ya sake tambayata. 'Yan uwa na Asibitin Noma da ke gyaran fuskar yaran da ciwon noma ya cinye musu baki da kumatu, ku gwada ta ga iyayen da ke zowa daga ƙauye ku gaya min yadda sunka karɓe ta.