Zufar tafin hannu: wa aka taɓa yi wa aikin jijiya a cikinku?

Ɗalibar lise, Garin Malam: Salamu alaikum ƴan uwa. Tun ina firamare tafin hannuna ke zubar da zufa, ko cikin hunturu. Ranar jarrabawa sai na shimfiɗa hankici ƙarƙashin hannu, in ba haka ba takardar ta jiƙe, bik ya ƙi rubutu. An ce mini akwai aikin da ake yanke jijiya a ƙirji, zufar ta tsaya. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari don Allah.

Tela, Zango: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni an yi mini, a wani asibiti a Tunisiya, shekara 3 ke nan. Kafin nan farar shadda ba na taɓa ta sai da tsumma a gefen keke, kuma gaisawa bayan sallar Juma'a ta zame mini azaba, mutum ya saki hannunka ya goge a riga yana ganin ba ka lura ba. Barci suka sa ni, suka huda ƙananan ramuka a ƙarƙashin hammata, suka zura kyamara, suka yanke jijiyar da ke bin gefen ƙashin baya, ita ce mai ba hannu umarnin zufa. Na farka hannuna a bushe, da ɗumi. Wallahi har hawaye na yi.

Amma ki ji sauran. Zufar ba ta tafi ba, ƙaura ta yi. Yanzu baya da ciki da cinyoyi ke zuba. Likitan ya faɗa mini tun farko cewa hakan na samun mutane da yawa, na ɗauka wasa ne, don a ɗaki mai sanyi muke maganar. Ki zo Damagaram a watan Afrilu, zafi ya haura 40, na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, kafin in sauka rigata ta manne da baya kamar an watsa mini buta. Kilishi mai yaji kuwa, ina kai shi baki goshina ya fara tsatsafa. Kuma jijiyar da aka yanke ba a mayar da ita.

Ɗalibar lise: To Baba, da-na-sani kake yi?

Tela: Wata rana e, wata rana a'a. Ɗinki dai ya gyaru.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari: Ƴata, aiki shi ne ƙarshen hanya. A fara da maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam, da dare bisa busasshen hannu. Akwai na'urar da ake tsoma hannu cikin ruwa tana sakin lantarki kaɗan-kaɗan, akwai allurar Botox da ke riƙewa wasu watanni, akwai ƙwayoyi amma suna busar da baki, mai azumi zai sha wuya. Kuma a fara duba ko ba maƙoƙo ko sukari ba ne. Shi aikin, wani lokaci iska kan shiga ƙirji ta danne huhu, jefi-jefi kuma fatar ido ɗaya kan sauko.

Direba, Birni: Yayana nasa ba zufa ba ce, ƙafa ce. Yatsunsa suka yi sanyi suka fara baƙi, dare ba barci, yana zaune ya sauko da ƙafar ƙasa don ya ji sauƙi. Cutar Buerger suka ce, ta masu taba, hanyoyin jini ne ke toshewa. Shi ta wajen ƙugu aka yanke jijiyar don jini ya samu hanya. Ƙafar ta yi ɗumi, ciwon ya lafa. Likita ya ce ko kara ɗaya ya sake sha, aikin banza aka yi. Bayan wata 5 na tsinci kwalin sigari a aljihun jallabiyarsa. Bara aka cire masa yatsu 2.

Ɗalibar lise: Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya. Anti, maganin shafawar nan sai da takardar likita, ko farmasi za su ba ni haka?