Na'urar zanena tana karkarwa tana tsallake layi, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa ƙaramar na'urar leza ta zane a kan katako, da allon sarrafawa Arduino Uno, manhajar GRBL mai tuƙa ta, da moto mai juyawa taku-taku, NEMA 17. Babur ɗina na sayar na yi ta, har yanzu yayana bai daina yi min gori ba, ga shi na karɓi aikin kayan rabon biki, uwar amarya ta biya rabi kuma na riga na sayi katako da kuɗin. In tana tafiya a hankali lafiya, in na ƙure gudu ma da sauƙi, amma a tsakiya sai ta kama gurnani, teburin na rawa, harafi ya goce. Moton ne ya mutu?

Mai walda: Wa alaikumus salam. Moton jabu ne. Ni ma haka aka yi min, tsoho aka goge aka manna masa sabuwar takarda, da na mayar mai shagon ya ce bai san ni ba.

Injiniya: Moton lafiyarsa ƙalau. Taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, digiri 1.8 kowanne. Duk takun da ya yi sai ya ɗan zarce ya dawo, kamar lilo. In saurin takun ya yi daidai da wannan kaɗawar, yawanci tsakanin taku 100 zuwa 200 a daƙiƙa, sai ta haɓaka har ya rasa taku. Wane direba ka sa, wato ɗan allon da ke ba moton wuta? Jamfa nawa ne a ƙarƙashinsa, 'yan marafan nan masu zaɓar girman taku?

Mai tambaya: A4988 ne Injiniya. Jamfofin na cire su, cikakken taku ya fi ƙarfi.

Injiniya: To ga ɓarawon nan. In bel ɗinka GT2 ne (milimita 2 tsakanin haƙora) da fuli, wato ƙafar da ke jan bel, mai haƙora 20, taku 5 kake yi a milimita, wato daga milimita 20 zuwa 40 a daƙiƙa kana cikin rikicin. Mayar da jamfa ukun ka samu 1/16, wato kowane taku ya rabu gida 16, ka sa saitin $100 da $101 na GRBL (taku a milimita) su koma 80. In da hali ma ka sayi direba TMC2209 ka huta.

Ɗan Zinder: Malam, kafin ka kashe ko sisi duba bel. Nawa sakwarkwacewa ya yi. Ka kuma sa roba tsakanin moto da ƙarfen.

Injiniya: Roba ƙara take ragewa, kuma tana hana moto sauke zafinsa a jikin ƙarfe. Kai kuma mai tambaya, kan leza ba shi da nauyi, wane ƙarfi kake nema da cikakken taku?

Mai walda: Ku dai kuna ta lissafi. Inbatarsa fa? Tun da muka koma sola babu abin da ke aiki daidai a shagona.

Mai tambaya: Bel ɗina a ɗaure yake, da hannuna na ja shi. Jamfofin kuma ban san inda yara suka kai su ba. Ni na ɗan murɗa notin direban ne don wuta ta ƙaru, yanzu ya fara zafi.

Injiniya: Ƙarin wuta na ƙara kaɗawar ne! Ka auna Vref, wato wutar da ke kan notin, da mita kafin ka murɗa?

Mai tambaya: Mitata na wurin wani. Yanzu dai in na bar ta a hankali, guda nawa zan iya gamawa kafin Asabar?