Aiki daga gida: kujera zan fara saya ko batir?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata bakwai ke nan ina yi wa wani kamfani na Ingila aikin amsa saƙonnin kwastomomi daga nan gida Kano. Ofishin nawa bakin gado ne, kwamfutar a kan filo. Yanzu wuyana ya sage, kafin la'asar kafaɗata kamar na yi dakon buhun masara. Ga wuta: jiya muna tsakiyar mitin a Zoom aka ɗauke, intanet ya bi ta. 'Yan kuɗin da na tara ba za su kai duka biyun ba. Kujerar ofis zan fara saya, ko batir da infata?

Wani mai haɗa sola: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar maganar infata tukuna. Kwamfutarki ai tana da nata batirin, rauta, wato na'urar da ke ba ki intanet, ce ke mutuwa nan take, kuma abin da take ci bai wuce wat 10 zuwa 15 ba. Akwai ƙaramin UPS, wato batirin da ke karɓa idan an ɗauke wuta, mai bolt 12 da aka yi don ita, zai riƙe ta sa'o'i. Sai dai ki duba bolt ɗin da aka rubuta a cajar rautar kafin ki biya.

Wata 'yar uwa daga Zariya: Ni na sayi kujerar, mai taya har da juyawa, ciwon bai tafi ba. Ashe sunkuyo ne matsalar. Ki kira kafinta ya auna ki a zaune, kamar yadda tela ke yi: tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu daidai da saman teburin. Sai ki ɗaga kwamfutar har saman allon ya zo daidai idonki, nisan miƙa hannu ɗaya. Tawa a kan tsofaffin littattafan jami'a take (ranarsu ta farko ke nan tun da na gama). Ki ƙara da kibod da linzami daban. Kujerar roba da matashi a ƙugu ta isa. Filon nan kuwa ki raba kwamfutar da shi yau, toshe mata hanyar iska yake yi, kada zafin Afrilu ya same ki a haka.

Wani dattijo: 'Yata, teburin kada ya kalli ƙofa, ki sa labule. Kuma Lahadin ƙarshe ta Oktoba Ingila za ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, tashinki daga aiki zai matso magariba. Ki yi magana da shugabarki tun yanzu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gobe kafinta zai zo. Baba, labulen ne ban san yadda zan yi ba, don ƙanwar maigidana ko ganin abin sauraro a kunnena ta yi, sai ta zauna ta ce in gama jin karatun tana jira.