Auna kabon-14 da ɗan guntun abu

Ɗalibar tarihi: Malamai, yaya ake gane shekarun tsohon abu da guntun da bai fi ƙwayar gero ba, alhali a da sai an ƙona yanki babba?

Malamin fiziks: A tsohuwar hanyar Willard Libby, masanin da ya ƙirƙiro wannan awon, jira ake yi ƙwayoyin kabon-14 (nau'in kabon da ke raguwa a hankali a jikin abu mai rai bayan ya mutu) su rushe a ƙirga, kuma sai shekara 5,730 rabinsu ke rushewa. Tun 1977 na'urar AMS, mai tantance ƙwayoyi bisa nauyinsu, ke cilla ƙwayoyin da ƙarfin lantarki, maganaɗisu ya ware su bisa nauyi, a ƙirga su kai tsaye, shi ya sa miligiram ɗaya na kabon ya wadatar.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Haka ne, Malam, amma ƙanƙantar samfurin ita ce haɗarinsa, domin sabon kabon da ke cikin ɗan maiƙon yatsa yana iya rage wa abu shekaru a sakamakon awon.