Yini Guda a Esakan: Musayar Waƙa Kan Kiɗan Fata da Tsagiya

Magajin Kumbo:

Assalamu alaikum, masu baiti. Zancen yau na Bikin Hamada ne na ƙasar Mali, wanda ake kira Festival au Désert da Faransanci. An fara shi a Tin Esako a 2001, ya je Tesalit a 2002, ya zauna a Esakan, kimanin kilomita 65 daga Tambutu, daga 2003 zuwa 2009. Kiɗan rana nake so mu bi, na imzad (irin goge) da tahardant (irin molo) da tinde (kiɗan turmi), wanda Abzinawa ke yi a kan rairayi babu lantarki. Mu ɗauko yinin daga asuba. Babban amsa-amo "ta" ne, ƙarami kowa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa harshe ikon tsarawa,
Ga zancen bikin da a da ake taruwa,
Kwana uku, Janairu shi ne wata.

Mai jera makaɗa a takarda,
In agogo kaɗai ya bai wa yarda,
Rabin daɗin yinin ne ya yar da,
Don mai yanke hukunci a nan ita ce fata.

Da asuba sanyi ya sa ta saki,
Imzad ta yi murya kamar mai haki,
Tsagiya ta kwanta a bisa jaki,
Kowa ya ja izga a sa'ar nan ya ɓata.

To ga fili, Inna mai tsagiya,
Faɗa mana sirrin wannan ƙwarya,
Yadda ake tashe ta da safiya,
Kafin rana ta hau tudu ta gasa ta.

Inna Mai Tsagiya:

Na karɓa, Magaji, Allah shi biya,
Imzad da goge tsatsonsu ɗaya,
Rabin ƙwarya da fatar akuya,
Sai dai a wajen Abzinawa kiɗan na mata.

Ƙofa biyu kan fata ake hudawa,
Nan muryar ƙwarya take fitowa,
Sandan wuya ta ciki yake ratsawa,
Tsagiyar doki a tufke guda, a daidaita.

Jakinta 'yan itace biyu a gicciye,
Ƙafafunsa kan fata suke a tsaye,
In fata ta saki sai ya nutse, a kiyaye,
Murya ta dushe, ba mai jin ta a rata.

Maganin na wurin garwashin shayin safe,
A kai ta kusa, taƙi biyu, a gefe,
A riƙa juyawa, kar a bar ta a kafe,
Ana ƙwanƙwasa da yatsa ana sauraren ta.

In ta ce "dum", da sauran aiki,
In ta ce "tan", to a mai da jaki,
In an zarce nan, ta tsage a baki,
Sai neman sabuwa, babu mai gyara ta.

Ƙaro a goga wa izga kaɗan,
Sau huɗu ko biyar, a tsaya nan,
In ya yi yawa ƙura ta manne can,
Ta yi kukan ƙofar da tsatsa ta kama ta.

Wanda ya ci nama ko man shanu,
Kar ya kai wa tsagiya hannu,
Izga ta yi santsi, a ja da ƙarfi ko sannu,
Ba amo, sai an sa sabulu an wanke ta.

Wannan ƙwarya ce UNESCO ta sa a jerin gadon al'adun duniya a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, a lokacin da matan da suka iya jan ta suka ƙaranta.

Ɗan Lasifika:

Inna, a yi mini aikin gafara, ga tambaya:
Imzad siririyar murya gare ta, wa zai jiyo ta?

Jama'a sun cika tudu, hunturu na kaɗawa,
Na baya ya ga hannu na motsi, kunne ya rasa ta.

A ba ni makirufo guda mai jin gaba kaɗai,
In kafa shi taƙi ɗaya daga ƙofar fata.

Ba daidai kan izga ba, can sai kartar gashi,
A ɗan karkace, inda ƙwarya ke fid da muryarta.

In sa masa hular soso saboda iska,
In ba haka ba, "bubu" ɗin hunturu ya danne ta.

Lasifikar da makaɗiya ke ji, bayan makirufo take zama,
In ta fuskance shi, kuwwa ta tashi, taro ya wahalta.

Janareta can bayan tudu, taku sittin ko fi,
Kudu maso yamma, iska ta kwashi ƙara ta tafi da ita.

Waya mai kauri, don siririya in ta yi tsawo,
Ƙarfi na zubewa a hanya, na'ura ta yi yunwar wuta.

Inna Mai Tsagiya:

Ɗana, dabararka ta dare ce,
Imzad da hantsi 'yar tanti ce,
Mutum talatin, da'irar ƙarama ce,
Fatar tanti ta tare iska ta mai do muryarta.

Maza na bin ta da amo ƙasa-ƙasa,
Makirufo guda a nan ya kasa,
Ya ɗau tsagiya, amshin ya rasa,
An raba uwa da 'ya'yan da ke kewaye da ita.

Baba Maƙeri:

Ku dakata haka, rana ta take tsaka,
Yanzu ba kiɗa, kowa ya shige bukka,
Kayan da aka manta a fili ya halaka,
Ƙwarya ta tsage, fata ta ja ta ɓalle ɗinkinta.

A rufe da bargo a sa a inuwa,
Ban da cikin mota, tanda ce kuwa,
Ban da jinginawa a yashi, zafi na hawa,
A rataye a sandar tanti, a bar ta ta huta.

Tahardant 'yar'uwar molo ce,
Tsarkiya uku, kumbon na itace,
Sana'ar maƙera da maroƙa ce,
Da ita ake rawar takamba, Gawo ce cibiyarta.

Zoben fata ke riƙe da tsarkiya,
A tura sama ta ɗaure, ƙasa ta saki gaba ɗaya,
Babu kunnen ƙarfe a kan wuya,
Irin wanda ake murɗawa a jita.

Hunturu in ya busar da zoben nan,
Ya yi sako-sako ya zame nan da nan,
A ɗiga masa ruwa ɗan kaɗan,
Ya kumbura ya kama sanda, murya ta tabbata.

Tsarkiyar yau ta zaren kamun kifi ce,
Sabuwa tana miƙewa, ɗabi'arta ce,
Ranar biki ba ranar sauyi ba ce,
Kwana uku kafin nan ake ɗaura ta.

Mai ƙwarya ya kife ta kan mayafi,
Dunƙulen hannu a tsakiya, amo mai zurfi,
Zobba a yatsu a gefe, kaifi ba ƙarfi,
Takamba a hankali take, gaggawa na ɓata ta.

Masu rawa ko a zaune suna yi,
Hannu da kafaɗa, motsi mai sanyi,
Hannun riga na bi da nasa nauyi,
Shi ya sa ba a son a hanzarta.

Yaya Mai Turmi:

Baba, sannu da aiki, la'asar ta sauko,
Iska ta kwanta, raƙuma sun miƙo,
Turmin da aka daka gero a ɗauko,
Yanzu fili na tinde ne da mata.

Inna ta kira wuta, ni ruwa nake kira,
A jiƙa fatar akuya tun hantsi, a jira,
Ta yi laushi, a shimfiɗa bakin turmi a gyara,
A zagaye da igiya a matse ta.

Taɓare biyu, ta dama da ta hagu,
A ɗaura gefen fata a kansu kafin bugu,
Mata biyu su hau su zauna, sauran su yi gungu,
Nauyinsu ne ke ja, shi ke ɗaure fata.

Ana son murya ta hau, a ƙara dannawa,
Ana son ta sauka, sai ɗan ɗagawa,
Dutse ma kan yi in babu mai zaunawa,
Amma dutse ba ya jin waƙa balle ya saita.

Tsumma a kan fata a shimfiɗe a jiƙe,
Yarinya a gefe da buta a riƙe,
In ta bushe, amo ya yi kaifi ya shaƙe,
In ruwa ya yi yawa, dukan laka ne, ba mai jin ta.

Kusa da ita masaki cike da ruwa,
Ƙwarya a kife a kai tana iyo kuwa,
Kiɗan ruwa mu a nan muke cewa,
Su ko asakalabo, da takalmi ko sanda ake buga ta.

In iskar ciki ta tsere, ƙwarya ta nutse,
Babbar murya ta koma a matse,
A ɗaga a sake kifewa a natse,
Baki daidai da ruwa, kar a karkata.

Sai raƙuma su shigo, sunansa ilugan,
Su kewaye mata da taku kaɗan-kaɗan,
Bugu da sawun amale su sauka tare a nan,
Mai bugu ta dubi ƙafa, ba taron da ke kallon ta.

Ƙanena, kar wayarka ta ratsa fage,
Ƙafar raƙumi ta ja ta ta yage,
Kuwwar lasifika kuma ta sa shi ya toge,
Tafi da guɗa sun ishe ta, sun wadata.

Ɗan Lasifika:

Yaya, na ji, na naɗe waya har magariba,
Tinde ko daga bayan tudu ana jiyo ta.

Da dare ƙasa na sanyi, iskar sama na da ɗumi,
Amo ya lanƙwaso ƙasa, tafiyarsa ta tsawaita.

Shi ya sa ƙarfin da ya yi daidai da la'asar
Ya yi yawa bayan isha, sai a taƙaita.

Mai tahardant in zai hau dandali cikin dare,
A aje masa kaskon garwashi a baya, don fata.

Tana saki waƙa bayan waƙa in sanyi ya sauka,
A ba shi minti goma tsakani, ya daidaita.

Kayan fata su fara, jitar lantarki ta biyo,
In an juya, kunne ya cika, siririyar murya ta ɓata.

Yashi kuwa shi ke cin maɓallan injin haɗa sauti,
A rufe da zane, a share da busasshen burushi, a nisanta.

Magajin Kumbo:

Allah shi saka, kowa ya kawo nasa,
A 2010 tsaro ya mai do bikin kusa,
Bakin Tambutu, Esakan ta yi nisa,
Bayan na Janairun 2012 yaƙi ya hana a maimaita.

Garin da a 1996 aka ƙona bindiga,
Don shaidar sulhu ya zo ya shiga,
Shi aka hana wa kiɗa, abin tausayi a ga,
Makaɗa suka watsu gudun hijira a maƙwabta.

Sai dai a Ingal ta Nijar, taron ƙarshen damina,
Tinde na tashi har yau dare da rana,
Can akwai laima a iska, to Inna,
Me za a sauya, kuma yaya ake ajiye ta?

Inna Mai Tsagiya:

A Satumba raɓa na sauka da dare,
Imzad da kasko sai su yini tare,
Mai tinde ta rage yayyafi, igiya na ɗaure,
Don laima da kanta tana jiƙa ta.

In an tashi, a zare jaki a sa a jaka,
A sassauta tsagiya, a goge ƙaro duka,
A naɗe a bargo a rataye a ɗaka,
Nesa da ɓera da gara, su ne masu cin fata.

Yaya Mai Turmi:

Mu kuma a kwance igiya, a zare taɓare,
A shanya fata a inuwa ta kwana a ware,
Jiƙaƙƙiya in an naɗe, ruɓa da wari su zo tare,
Turmi a wanke a kife, da asuba masu daka na bukata.